Rijiyar Baba ta Ƙarshen Lungu

Ban nemi aikin ba. Da na fita takaba na koma gidan Baba a Gangare, na kuma koma ɗakin gwajin ruwa inda nake wanke kwalabe tun kafin aurena, don ba ni da wani wurin zuwa da safe. Mijina ya rasu bayan gajeriyar jinya, ba mu haihu ba. Mutane suka yi ta yaba haƙurina, ni kuwa na san ba haƙuri ba ne, ba na jin komai ne kawai. In an ba ni abinci in ci, in an ce zauna in zauna. Ko ɗigon hawaye bai zo mini ba, har dangin mijin suka fara dubana a kaikaice. Wajen ƙarshen shekarun saba'in ke nan, lokacin da soja ke shirin barin mulki.

A daminar shekarar ne matan da ke sama da mu a unguwa suka fara ganin wani maiƙo mai launi-launi a saman ruwan guga. Aka ɗora wa yara laifi, aka zane wasu a banza. Sai shayi ya fara warin gareji. Daga ƙarshe wani tela ya yaɗi saman ruwan rijiyarsa a gwangwani, ya ƙyasta ashana, wuta ta kama. Akwai gidan mai a bakin titi, can sama da gidajen. Tankinsa na ƙarƙashin ƙasa ne ya yi tsatsa ya huje, fetur yana ta tsiyaya, ba wanda ya san tun yaushe. An tone tankin an ɗauke, amma abin da ya zube ya riga ya nutse, ya hau kan ruwan da rijiyoyinmu ke sha, yana saukowa wajenmu a hankali.

Oganmu a ofis injiniya ne, ɗan ƙasar nan, Kirista, mai sanyin hali, kullum cikin takalmin roba har gwiwa. Ya sa aka huda ƙasa kewaye da gidan man aka zura siraran bututu, wato ƙananan rijiyoyin da ba a shan ruwansu, don a riƙa leƙa inda man ya kai. Wannan bai ba shi wahala ba. Rijiyoyin mutane ne suka gagare shi, domin a tsakar gida suke, namiji baƙo kuwa iyakarsa zaure. Ya gwada miƙa wa masu gida kwalba su ɗebo masa. Wani ya kawo masa ruwan randa da ya kwana ya kwanta, wani ya wanke kwalbar da sabulu don girmama baƙo, wani ma ruwan famfo ya cika ta da shi don kada a taɓa masa rijiya. Rannan oga ya same ni a bakin kwatami ina ɗauraya.

Ya ce, "Madam, kai ɗan Gangare ne, ko? Kai za ka iya shiga gida-gida. Ni dem no go gree, ba za su yarda ba."

Haka Hausarsa take, kowa namiji ne a bakinsa. Na ce to. Da ramin kura ya ce in shiga, to ɗin dai zan ce.

Aikin ba shi da wuya, amma yana da ƙa'ida. Ba a ɗiba da gugan gidan, don gugan roba yana riƙe wari. Ina da kwalba ta mai nauyi da igiya sabuwa, in zura ta a hankali har ta sha saman ruwan, inda man ke kwanciya. In juye a kwalbar gwaji har ta tumbatsa, in rufe, in kifa ta in duba. Idan ƙwayar iska ko da kamar ta gero ta taso, an zubar ke nan, a sake, don fetur ta cikin iskar nan yake gudu. Sai in sa kwalbar a akwati cikin jiƙaƙƙen buhu, in fito da ita zaure inda oga ke jira yana shan gaisuwar tsofaffi. A bututun gidan mai kuwa shi yake zura sanda da aka shafa wa wani abu kamar man goge baki, ya zaro ya ga kaurin man da ke kan ruwan. Ruwan da ya yi muni hancinmu ma ya isa ya faɗa. Wanda ake shakka a kansa, Kaduna ake aika shi, inda suke da na'ura, amsar kuma sai ta ga dama take dawowa.

Rijiyar da aka samu da mai, jan fenti ake shafa wa bakinta, a jera katako, a liƙe da siminti. Ni nake shiga in faɗa wa matan. Nan ne na gane amfanin halin da nake ciki. Wata ta zage ni tas, har da cewa na ci amanar unguwar da ta raine ni. Wata ta riƙe mini mayafi tana kuka, wai a rijiyar nan aka yi mata wankan jegon 'ya'yanta duka. Ina tsaye ina kallon bakinsu yana motsi, in jira su gama, in ce, "Ku yi haƙuri, tankar ruwa za ta riƙa zuwa," in ɗauki akwatina. Oga ya ce bai taɓa ganin mai ƙarfin zuciya kamata ba. Ban gyara masa ba.

Kafin wata biyu hancina ma ya bi sahu. Tsabar shinshinar kwalabe, sai ya zama ko an tura mini kai cikin tankin mota ba na jin wari. Na daina jin ƙamshin daddawa a miya, na daina jin na ƙasa idan an yi ruwan fari bayan rana. Baba kuwa nasa hancin tun a ramin kuza ya bar shi, hayaƙin nakiya da garin taba suka cinye. Inna, mahaifiyata, takan ce gidan nan ko tukunya ta ƙone ƙurmus, ita kaɗai za ta sani.

Gidanmu ne na ƙarshe a lungu, shi ya fi kowane nisa da gidan man. Rijiyarmu kuma Baba ne ya haƙa ta da hannunsa, shekarar da ya bar haƙar kuza a Bukuru ya dawo gari da 'yar teburinsa ta sayar da goro. Yakan ce ya yi wa Turawa ramuka ba adadi, duk ba wanda ya sha ruwa a ciki sai sauro, wannan ne kaɗai ramin da ya yi wa kansa. Ya jera mata duwatsu tun daga ƙasa har baki, kowane ya san inda ya ɗauko shi. Ba ya alwala da wani ruwa sai nata. Ko masallacin Juma'a zai je, da alwalarsa yake fita, wai ruwan famfo warin asibiti yake, shi da ba ya jin wari. In baƙo ya zo, kafin a kawo abinci sai an kai shi ya leƙa rijiya, kamar mai nuna jariri.

Ita ma tana cikin waɗanda nake ɗiba duk mako. Idan na rufe kwalbar na kifa, sai Baba ya matso da butarsa.

"Ma'aikaciya, yaya ruwana?"

"Lafiya lau, Baba."

"To, madalla." Sai ya tsuguna ya fara wanke hannu.

Ana rufe rijiyoyin sama, mutane suka fara gangarowa. Famfon unguwa sai ya yi kwanaki yana tari ba ruwa, tankar da na yi ta yi wa mata alkawari kuwa ranar da ta zo sai an yi dambe a kanta. Da farko maƙwabta ne na kusa, da bokiti ɗaya da doguwar gaisuwa. Daga baya layi ya tashi daga bakin rijiya ya ratsa tsakar gida, ya fita ta zaure har lungu. 'Yan ga-ruwa ma suka gano mu. Tun hantsi har la'asar guga ba ya hutawa, tsakar gidanmu ta koma kwata, Inna tana tsallake-tsallake da tsintsiya tana mita. Baba kuwa ya baje a tabarma bakin zaure yana amsa sannu, fuskarsa kamar an ba shi kujerar Makka.

Oga ne ya fara lura. Ya zura sandarsa a bututun da ke tsakanin gidan man da lungunmu, ya zaro, ya daɗe yana kallonta. Ranar a wajen mai tuwo muka ci abinci. Ya jawo kwanonsa, ya danna yatsa a gefen malmalar tuwon ya yi rami, miya ta gangaro ta cika shi.

Ya ce, "Ka gani? Rijiyan baban ka kenan. Duk bokiti da an ja, rami yana zurfi, ruwa na sama yana gudu ya zo. Petrol yana kan ruwa, zai bi shi. In sun rage ɗiba, may be zai wuce ta gefe. In ba su rage ba, na give am small time, ba zai daɗe ba."

"Me zan ce masa?"

"Gidan ku kawai ya sha. Sauran mutane su jira tanka."

Bayan sallar la'asar na faɗa wa Baba, har da misalin tuwon. Ya saurara yana ɓare goro, bai katse ni ba.

Ya ce, "Wato in hana mutane ruwa."

"Na ɗan lokaci ne, Baba. In ba haka ba rijiyar za ta tafi, mu da su duka mu rasa."

"Na ji. Hankali ya ɗauka." Ya tauna goron. "Amma ni bakina ba zai iya ba. Mutum ya zo ƙofata da bokiti, ruwa yana cikin gidana, in ce masa me? Ke da kika saba faɗa wa mutane magana mai ɗaci, gobe ki tsaya a zaure ki kore su. Ba zan hana ki ba."

Ba gatse yake yi ba, da gaske yake. Washegari na tsaya a ƙofar zaure da mayafina, na shirya maganar da zan yi. Wadda ta fara isowa wata tsohuwa ce daga saman unguwa, da tulu a kai. Ita ce ta riƙa zuwa har gidan mijina tana zama da ni lokacin takaba, ba ta magana, sai dai ta kawo gyaɗarta ta ɓare a gefena har rana ta yi sanyi. Ni na liƙe mata rijiya da siminti makonnin baya, ba ta zage ni ba. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, kin tashi lafiya? Kin rame." Na ce lafiya lau, na matsa gefe ta wuce. Na bayanta ma suka wuce. Ban ji tausayi ba, ban ji kunya ba, ƙafata ce kawai ta matsa. Na ɗauki akwatina na tafi aiki.

Baba bai manta da maganar ba, ashe tana cinsa. Sai ya nemo mata magani irin wanda ya sani. A wajenmu idan ɓera ko kaza ta faɗa rijiya ta mutu, yashe ta ake yi, a kwashe ruwan duka har laka, sabo ya ɓuɓɓugo mai tsarki. Haka malamai suka koyar, haka kuma yake aiki tun kakanni. Ranar wata Asabar da oga ya tafi da ni duba bututu, Baba ya kira gayya. Samarin lungu suka taru, guga uku a lokaci guda, ana waƙa, Inna ta dama musu kunu. Shi da kansa, da gwiwoyinsa masu ciwo, ya sa aka zura shi da igiya ya kankare duwatsun ƙasa.

Na dawo na tarar da lungu yana ambaliya, shi kuma yana zaune jikinsa duk laka, yana haki yana murmushi.

Ya ce, "Na sauƙaƙa miki aiki. Ko da wani abu ya fara shigowa, mun kwashe shi. Jibi ki ɗebi sabon ruwa ki kai musu."

Na leƙa. Ban taɓa ganin gindin rijiyar nan ba sai ranar. Ruwa yana tsattsafowa ta tsakanin duwatsu, ta ɓangaren da ke kallon gidan mai ya fi ƙarfi. Ramin tuwon nan na oga ne, an danna shi har ƙasan kwano. Na san abin da ya kamata in ji, na tsaya ina jira ya zo, bai zo ba. Na ce, "Sannu da aiki, Baba," na shiga ɗaki na cire takalmi.

Ranar Litinin na ɗiba. Ruwan garau, kamar a sha a wanke ido. Oga ya ɗumama kwalba ɗaya a tafin hannunsa ya shinshina, ya ce bai tabbata ba, ya sa ta cikin masu tafiya Kaduna. Da na ba shi labarin gayyar, sai ya cire tabarau ya murza ido. Makonni suka wuce. Layi bai ragu ba. Duk mako Baba ya tambaye ni yaya ruwansa, ni kuma in ce ba a dawo da amsa ba tukuna, shi kuma ya ce rashin amsa ma alheri ne, ya tsuguna da butarsa.

Amsar ta zo ana gab da tashi daga aiki. Oga ya kira ni gefe, ya yi ƙasa da murya.

"Madam, ya shiga. Ba kaɗan ba. In kana so, zan aika wani ya faɗa masa."

Na ce, "Wa zai shiga gidan? Ni ce mai shiga."

Ya ba ni gwangwanin jan fentin, na sa a akwati tare da kwalabe. A mota har na yi gyangyaɗi.

Na isa gida rana ta yi ƙasa, lokacin la'asar yana neman fita. An ɗan tsagaita da ɗiba don masu gida su yi salla, mutane suna jira a lungu da bokitansu, wasu suna gaishe ni. Baba ya makara a kasuwa, yana tsugune a bakin rijiya, ya cika buta ya naɗe hannun riga. Ya ɗago ya gan ni da akwati a ranar da ba ta ɗiba ba.

"Ma'aikaciya, yaya ruwana?"

"Ya shiga, Baba."

Bai ce innalillahi da ƙarfi ba, leɓensa ne kawai ya motsa. Ya dubi butar.

"Tun yaushe?"

"Kwalbar da na ɗiba bayan gayya ce."

Inna tana bakin murhu. Ba ta juyo ba ta ce, "Ni na ji shi a koko tun makon nan na gayya. Na ce ko hancina ne."

Na ɗauka zai yi faɗa, ko da ita ko da ni. Sai ya fara motsa yatsu, na gane lissafi yake yi. Ni rijiyar nake tunani, shi sallolinsa yake tunani. Ruwan da warinsa ya canja ba ya alwala, kowa ya san wannan tun yana makarantar allo. Tun daga gayya har yau, asuba da azahar da duk sauran, da ruwan nan ya yi su.

Na ce, "Baba, ba ka sani ba ai. A tambayi liman, ƙila ba sai ka rama ba."

"Za a tambaya," in ji shi. "Amma zan rama."

Ya tuntsurar da butar a hankali har ta ƙare. Ya dubi randa, ya dubi tulunan Inna, duk daga rijiyar aka cika su. Famfo bai zo ba, tanka ba ta zo ba, rana kuma tana faɗuwa. Sai ya miƙa hannu zai yi taimama a kan dutsen bakin rijiyar, ya tarar da shi a jiƙe. Ya taɓa na kusa da shi, shi ma haka. Duk inda ya kai hannu a tsakar gidan nan ruwa ne, sawun mutanen da ya shayar. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya taka har jikin katangar ƙasa ta bayan ɗakinsa, ya buga tafukansa biyu a kanta, ya shafi fuska, ya shafi hannu. Rijiyar tana bayansa cike, ana ganin sama a cikinta.

Ya yi la'asar. Ina tsaye inda nake da akwati a hannu, igiyar akwatin ta shiga yatsuna ban sauke ba. Da ya sallame na ajiye, na ciro gwangwanin fentin, na gyara mayafi na nufi zaure, don aikina ne. A waje ina jin ƙarar bokitai, wani yana tambaya ko an idar.

Baba ya ce, "Tsaya. Baƙina ne."

Ya wuce ni, da ƙasar katanga a goshinsa da gemunsa. Ya tsaya a ƙofar zaure ya riƙe gefen ƙofar da hannu ɗaya. Tsohuwar nan mai tulu ce a gaba. Ya buɗe baki. Muryar da ta fito ban san shi da ita ba, siririya, kamar ta mai roƙo.

"Jama'a, ku yi haƙuri. Ku gafarce ni. Babu ruwa a gidan nan."

Nan na zauna a cikin kwatar tsakar gida da kayan aikina. Kukan da bai zo ba ranar da aka fita da gawar mijina, bai zo ba duk tsawon takaba, shi ya taso mini tun daga ciki, da ƙara, ba kyan ji. Inna ta bar tukunya ta zo ta riƙe kaina. Ta cikin zaure ina jin bokitai suna komawa sama, ba ko ɗaya a cikinsu da ke ƙarar ruwa, Baba kuma yana tsaye yana bin kowa da ban haƙuri ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe ya juya.